Daga Baitulmali Zuwa Rijiyar Burtsatse: Yadda Aikin Ɗan Majalisar Jiha Ya Sauya

A watan Agusta na 1950 wani tsohon shugaban makarantar Midil ta Bauchi ya miƙe a zauren majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, ya gabatar da ƙudurin da ya sa manya kallon-kallo. Malam Abubakar Tafawa Balewa ne. Abin da ya nema shi ne a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin mulkin En'e, ta kawo shawarar yadda za a gyara shi. Ya taɓo cin hanci, ya taɓo yadda iko ya taru a hannun sarki shi kaɗai, ya kuma taɓo talakan da ake karɓar kuɗinsa ba tare da an taɓa jin ta bakinsa ba. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, amma ya tsallake. Aka sa Turawan mulki biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya larduna suka rubuto rahoto, kuma daga nan aka kama hanyar dokar En'e ta 1954. A cikin wannan wata na Agusta ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ita ma kukanta bai wuce haraji da zaluncin masu karɓarsa ba.

Abin da ya tada wannan ƙura tsohon zance ne, kuma zancen kuɗi ne.

Kafin zuwan Turawa, abin da aka tara na zakka da kuɗin ƙasa da jangali yana bin hannun hakimai ne har ya isa fada, kowa ya cire rabonsa a hanya. Da Turawa suka zauna da gindinsu sai suka ga ba za su iya lissafi da wannan tsari ba. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Razdan Palmer ya fito da tsarin baitulmali, kuma daga wajen 1911 ya bazu zuwa sauran masarautu. Haraji ya koma shiga asusu guda. A farko rabi na gwamnatin Turawa ne, rabi na En'e. Sarki da hakimai da alƙalai aka yanka musu albashi, aka naɗa ma'aji da malamansa, kowace shekara kuma a tsara abin da ake sa ran zai shigo da abin da za a kashe, a kai wa Razdan ya duba. Da wannan kuɗi aka gina makarantun elemantare, da ɗakunan shan magani, da gidajen yari, aka biya 'yan doka, aka share hanyoyin rani.

Wanda ya yi zamani da haraji ba ya manta shi. Mai unguwa da dagaci su bi gida-gida a ƙidaya mazaje baligai, bayan kaka a fara karɓa. Wanda gonarsa ba ta yi kyau ba sai ya kai akuya kasuwa, ko ya ci bashin gyadar baɗi. Rasit ɗin haraji kuwa a aljihu yake kwana, domin mai tafiya ci-rani da aka tare a hanya ba shi da takarda ya shiga uku. Da damina kuma malaman jangali su bazama ruga-ruga, Fulani su yi ta kora shanu cikin daji don kada a ƙidaya su duka. Talaka ya san adadin abin da ya bayar har sisin kwabo. Abin da bai sani ba shi ne inda kuɗin ya nufa, kuma ba shi da wanda zai tambayar masa.

Kujerar ɗan majalisa ta samo asali ne daga wannan giɓi, ko da yake a farkon lamari kujera ce ta ba da shawara kawai. Tsarin mulkin Richards da ya fara aiki a 1947 ya ba Arewa majalisu biyu, ta sarakuna da ta wakilai, suna zama a Kaduna, a Lugard Hall, ginin nan mai ƙubba wanda har yau majalisar dokokin Jihar Kaduna take cikin harabarsa. Ana kawo musu lissafin kuɗin shekara su yi muhawara da Hausa da Turanci, amma magana ta ƙarshe ta Gwamna ce. Sai a tsarin Macpherson na 1951 majalisar ta samu ikon yin doka. Zaɓen wannan shekara hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma an ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin sama. Shi ya sa 'yan NEPU da suka taka rawar gani a matakin farko a Kano suka zube kafin a kai ƙarshe. Majalisar da ta fito cike take da hakimai da ma'aikatan En'e. Mutumin da ke karɓar albashi daga baitulmali aka ce ya je Kaduna ya sa ido kan baitulmali. Ba sai an faɗa ba, ido bai buɗe sosai ba.

Duk da haka an yi aiki. Daga 1954, da Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya, Jihar Arewa ta riƙe asusunta. A tsarin wancan lokaci minista ɗan majalisa ne, a benci ɗaya suke zaune da sauran wakilai, don haka ba shi da wurin ɓuya idan aka jefa masa tambaya. Alhaji Aliyu Makaman Bida, wanda ya daɗe yana riƙe da ma'aikatar kuɗi har zuwa 1966, shi ne ke tsayawa ya karanto kasafin shekara, shekarar kuɗi kuwa a lokacin daga 1 ga Afrilu take farawa. Ɓangaren adawa ba su da yawa, amma suna da baki, musamman Ibrahim Imam na Borno, wanda ya bar jam'iyyar NPC mai mulki a 1954 ya dawo yana jagorantar 'yan hamayya a zauren.

Kuɗin da ake gardama a kansa na manomi ne. Ban da haraji, akwai hukumar cinikin amfanin gona, wadda ke sayen gyada da auduga a farashin da ta yanka, ta sayar a ƙasashen waje da tsada, rarar ta shiga ayyukan raya ƙasa. Wannan ma haraji ne, sai dai babu rasit. Dalar gyadar Kano da aka yi ta ɗaukar hotonta tana cikin abin da ya ɗauki nauyin masaƙar Kaduna ta 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. Kuma lissafi a wancan zamani yana da haƙora: binciken kuɗin En'e ta Kano da wani Baturen mulki, Muffett, ya gudanar a 1962 shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Akwai siyasa a ciki, babu shakka, amma da littafin ma'aji aka yi yaƙin.

Ranar 15 ga Janairu 1966 komai ya tsaya. Soja suka rufe majalisu, a 1967 aka yanka ƙasar jihohi 12, a 1976 suka zama 19, gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara kuma ya rufe babin En'e. Shekara goma sha uku gwamnan soja ne ke karanta kasafi a rediyo, ya sa hannu da kansa, shi ke nan. A cikin waɗannan shekaru ne kuma babban canji ya faru a ɓoye: man fetur ya maye gurbin gyada. Kuɗin jiha ya daina haurowa daga ƙauye, ya koma gangarowa daga Legas.

Da farar hula suka dawo a Oktoban 1979, da sabon tsari suka dawo, irin na Amurka. Gwamna daban, majalisa daban. Kwamishina ba ɗan majalisa ba ne, amma ba zai hau kujera ba sai majalisa ta amince da shi, kuma ko kwabo ba ya fita daga asusun jiha sai da dokar kasafi. A karon farko kuma matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓe. Babu inda aka gwada ƙarfin wannan tsari kamar tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina.

Masu zaɓe a can sun yi abin mamaki. Sun ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, sannan suka cika majalisa da 'yan NPN: kujeru 64 cikin 99, PRP kuwa 16 kacal. Balarabe akanta ne, mutum mai kaifi ɗaya, kuma bai ɓoye cewa ya zo ne ya rusa tsarin da manyan NPN suka tashi a cikinsa ba. Da hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ya aika da sunayen kwamishinoni, majalisa ƙarƙashin Kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayar masa. Su suna ganin mai rinjaye a majalisa ya cancanci kaso a gwamnati, shi kuma yana ganin haɗa gwamnati da NPN cin amanar waɗanda suka zaɓe shi ne. Haka jihar ta zauna wajen shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya, manyan sakatarori ne ke jan ma'aikatu. Rigimar ta shafi komai, har da kasafin kuɗi, domin abin da gwamna ke son ya kashe sai ya bi ta hannun mutanen da ba sa ga maciji da shi. A ƙarshe majalisa ta tara masa tuhume-tuhumen keta tsarin mulki, ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Nijeriya. Tsarin mulkin 1979 ya ba Kakaki ikon naɗa kwamitin bincike, ya kuma hana kotu sa baki. Darasin irin wannan ne ya sa a tsarin 1999 aka mayar da naɗin kwamitin hannun babban jojin jiha.

Har gobe ana gardama kan wanda ya fi laifi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne majalisar ta nuna cewa ikon da ke rubuce a takarda na gaske ne. Sai dai ta kashe shi wajen faɗan jam'iyya, ba wajen bin diddigin kuɗin asibiti da makaranta ba, kuma gwamnonin da suka zo daga baya sun karanta labarin da kyau. Kowannensu ya gane cewa aikin farko shi ne tabbatar da cewa majalisa tasa ce tun daga zaɓen fidda gwani.

A Kano labarin daban ne, domin PRP ce ke da gagarumin rinjaye a majalisa, kasafin Rimi bai gamu da irin wannan shinge ba. Aka kafa jaridar Triumph, da gidan talabijin na CTV, da hukumar yaƙi da jahilci. Talaka ya yi murna da soke haraji, kuma yana da gaskiya, ya sha wuya a kansa. Amma akwai abin da ya tafi tare da rasit ɗin. Mutumin da aka karɓi kuɗinsa a zaure yana jin yana da haƙƙin tambaya. Kuɗin da ya zo daga asusun tarayya kuwa, a idon jama'a, kamar na gwamnati ne ita kaɗai, duk wanda ya samu yagar wani abu ya yi sa'a. Da farashin mai ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, malaman makaranta a jihohi da dama suka yi watanni babu albashi, majalisu kuma ba su da abin yi sai kallo. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka sake rufe su. An buɗe a Janairun 1992 zamanin SDP da NRC, Janar Abacha ya rufe a Nuwamban 1993. Idan aka haɗa lissafi, tsakanin 1966 da 1999 majalisun jihohi ba su zauna fiye da shekara shida da ɗoriya ba. Ofishin gwamna bai taɓa rufewa ba, ma'aikatar kuɗi ma haka; majalisa ce kaɗai kullum ke farawa daga farko.

Tsarin mulkin 1999 ya rage girman zauren. Sashe na 91 ya ce kada kujeru su gaza 24, kada su wuce 40, shi ya sa Kano ke da 40, Kaduna da Katsina 34 kowacce, Zamfara 24. Iko kuwa yana nan daram a rubuce. Gwamna ne ke kawo kasafi, majalisa ce ke mayar da shi doka. Idan ya ƙi sa hannu, bayan kwana 30 kashi biyu cikin uku na wakilai suna iya tsallake shi. Sashe na 128 ya ba su damar kiran duk wani jami'i su bincike shi, rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha kuma gare su ake kai shi.

Ranar gabatar da kasafi ranar biki ce. 'Yan jagaliya a bakin ƙofa, maroƙa da kalangu, kwamishinoni cikin manyan riguna. Gwamna ya karanta jawabi, ya laƙaba wa kasafin suna mai daɗi, ya ajiye kundin a kan tebur, ya rusuna wa sandar majalisa, a yi tafi. Daga nan a miƙa wa kwamitin kasafi, ma'aikatu su yi ta zuwa kare abin da aka ware musu. A nan ne ɗan majalisa mai himma ke gane iyakar filinsa. Mafi yawan jihohin Arewa da kason Abuja suke rayuwa, inda jihohi 36 ke raba kashi 26.72 cikin ɗari, ƙananan hukumomi 20.60, tarayya ta riƙe 52.68. Kafin a zo kan manyan ayyuka, albashi da fansho da biyan bashi sun lashe kaso mai tsoka. Sannan sanya aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Hanya ɗaya tana iya fitowa a kundin shekara huɗu a jere ba a zuba ko tifa ɗaya ta tsakuwa ba. An ga haka a 2015, lokacin da faɗuwar farashin mai ta sa jihohi da yawa suka kasa biyan albashi sai da tarayya ta ba su bashin ceto, an kuma gani a 2020 da annobar korona ta tilasta wa dukkan jihohi sake rubuta kasafinsu a tsakiyar shekara.

To, shi ɗan majalisa da me zai koma gida? Wanda ya taɓa zuwa gidan Honorabul da sassafe ya san amsar. Tun kafin a sallame asuba an fara jeruwa a ƙofar gida. Wannan da takardar asibiti, matarsa za a yi wa aiki. Wancan ɗansa ya samu gurbin karatu, babu kuɗin rajista. Ga matasan unguwa da ke neman rigunan ƙwallo, ga kwamitin masallaci da ke neman kwanon rufi, ga dattijon da taransifomar garinsu ta ƙone wata uku. Kowa da “ranka ya daɗe” a bakinsa, kuma babu wanda ya zo tambayar yadda aka yi da rahoton mai binciken kuɗi. Ba za a ga laifinsu ba: ƙaramar hukumar da ya kamata ta yi waɗannan ayyuka kuɗinta a asusun haɗin gwiwa na jiha yake maƙalewa, shugabanta sau da yawa kantoma ne da gwamna ya naɗa, kuma sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Ɗan majalisar jiha shi ne jami'in da ya fi kusa, wanda aka san gidan ubansa.

Daga nan ayyukan mazaɓa suka samu gindin zama. A tarayya aka fara, zamanin Obasanjo, har ya zama ana ware naira biliyan 100 kowace shekara, jihohi da dama kuma suka kwaikwaya gwargwadon ƙarfinsu. Rijiyar burtsatse, ajujuwa biyu da ofis, fitilun sola, keken ɗinki da injin markaɗe, buhunan shinkafa da azumi. Wasu an yi su da gaskiya, kuma ƙauyen da ya daina shan ruwan kududdufi ba zai yarda a raina masa rijiyarsa ba. Amma a Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya koka cewa an ware wa irin waɗannan ayyuka na tarayya naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba a ga abin a zo a gani ba, kuma a shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawunsu mazaɓa-mazaɓa. Babbar illar ma ba a nan take ba. Kuɗin aikin mazaɓa gwamna ne ke sakinsa, tikitin takara ma sau da yawa a hannunsa yake, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wakilin da ya matsa wa kwamishina da tambaya a zaure ya san rijiyarsa na iya makara.

Babu abin da ya fito da wannan rauni fili kamar abin da ya faru a 2010. Majalisar tarayya ta aiko da gyaran tsarin mulki, ciki har da sashen da zai ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu ba tare da sun je fadar gwamnati roƙo ba. Ana buƙatar jihohi 24 su amince. Ba a samu ba. Majalisu suka ƙi 'yancin kansu da hannunsu. Sai a 2018 gyaran ya shiga, gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, Buhari ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a Mayun 2020, ma'aikatan majalisu suka yi yajin aiki a 2021, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022, aka sake wani gyaran a Maris na 2023.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru ƙwarai, kuma wannan karon daga aljihun talaka ya fito, a gidan mai da kasuwar hatsi ya biya shi. Jihohi yanzu suna wallafa kasafinsu a intanet, da rahoton abin da aka kashe duk wata uku, ɗalibin da ke da waya yana iya buɗewa ya karanta wa mutanen garinsu. Saboda haka idan Honorabul ya zo gida da sallah, a yi masa godiyar rijiya, sannan a tambaye shi nawa aka ware wa asibitin ƙaramar hukumar a bana, nawa aka saki, kuma me ya ce a zauren majalisa da ba a saki sauran ba.